Allura ɗaya ta isa ta tsiro da guringuntsin gwiwa?

Abban Khalifa: Salam jama'a, shawara nake nema. Yarona ɗan shekara 16 ya ji ciwo a filin ƙwallo wata biyar kenan, gwiwar na kumbura tana kuma kullewa in zai miƙe, mun kai shi wurin mai ɗori ba wani canji, da aka yi MRI likita yace guringuntsin ne ya ɓantare. Yanzu wani abokina yace akwai allurar stem cell, wato ƙwayoyin halitta masu iya rikiɗa su zama wasu sassan jiki, da ake yi a waje, ɗaya tak guringuntsi ya dawo sabo fil. Wallahi har fili na sa a kasuwa.

Coach Ɗan Fagge: Alhaji in da hali ka kai shi kawai. Turawa sun wuce wajen tuntuni, kar yaro ya rasa ƙwallonsa yana ji yana gani.

Maman Hanan: Dan Allah Alhaji ka dakata da maganar filin nan. Ni aikina gashin ƙashi ne. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini shi yasa baya warkewa kamar fata, kuma abin da aka tabbatar yana aiki ba allura ba ce, tiyata ce har sau biyu. A na farko a ɗebo ɗan guntun guringuntsin shi yaron, a kai lab a raini ƙwayoyin wajen sati huɗu zuwa shida su yawaita, sannan a sake buɗe gwiwar a dasa su a ramin. Likitocin Sweden, Lars Peterson da Mats Brittberg, su suka fara a 1987.

Coach Ɗan Fagge: To Hajiya ai maganata kika maimaita, ƙwayoyin halitta ne dai ko ba su ba?

Maman Hanan: Ba ɗaya ba ne Coach. Wancan ƙwayoyin guringuntsi ne a dasa su daidai inda ya ɓantare. Allurar da ake talla kuwa yawanci daga ɓargo ko kitse ake tacewa a tsira cikin gaɓa, wasu kan ji ciwo ya lafa amma a ce ta cike rami da guringuntsi na asali, babu hujja mai ƙarfi. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha gargaɗi kan wuraren da ke sayar da irinta ba izini.

Abu Sumayya: Ni ko dashen ma ban yarda ya kai yadda ake zuzuta shi ba. A Norway an gwada shi da tsohuwar hanyar hudhuda ƙashi don ɓargo ya fito ya toshe ramin, mutum 80, aka bi su shekara 15 ba a ga wani bambanci ba. To me zai sa mutum ya sai da fili?

Maman Hanan: Gaskiya ne Malam amma wancan tsohon salon dashen ne. Gwajin da aka yi da MACI, wato sabon salon da ake ɗora ƙwayoyin a kan wata shimfiɗa kafin a dasa, kan mutum 144 ya nuna ya fi hudhudawar a shekara biyu da kuma biyar, shi yasa Amurka ta amince da shi a 2016. Hudhudawa tabo take samarwa, baya da ƙarko irin na asali, ƙaramin rami dai ba laifi. Ingila ma a 2017 sun ce a yi dashe in ramin ya wuce murabba'in santimita 2.

Abu Sumayya: Amma na manya ne fa suka amince, shi wannan 16. Kuma a faɗa wa Alhaji gaskiya, shimfiɗar da ake ɗora ƙwayoyin MACI a kai daga alade ake samo ta.

Abban Khalifa: Innalillahi! Wannan kam sai na tambayi malamai.

Maman Hanan: Ka tambaya Alhaji, hakkinka ne. Akwai wani salon dashen, Spherox, da Turai ta amince da shi a 2017, shi babu shimfiɗar dabba, kuma ana yi wa matasan da ƙashinsu ya gama tsawo. Amma ni abin da ya fi damuna kowa na maganar tiyata ba mai maganar bayanta, sati shida ko fi da sanda, gashi kullum, ƙwallo kuwa sai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, yaron da ya koma fili a wata huɗu ya ɓata aikin gaba ɗaya.

Coach Ɗan Fagge: Shekara da rabi? Hajiya ai sa'o'insa sun wuce shi kenan. Ni dai har yanzu ina ganin a gwada allurar, in bata yi ba sai a yi tiyatar.

Maman Hanan: Gwiwar da ke kullewa alama ce akwai ɓantare yana yawo a ciki Coach, allura ba za ta cire shi ba, kullum ƙara gurje lafiyayyen wurin yake. Wani lokacin ma ana iya mayar da ɓantaren a kafe shi in ba a makara ba. Alhaji ka ɗauki hoton ka je asibitin ƙashi na Dala, ka tambayi faɗin ramin, ko ƙashin yaron ya gama tsawo, da ko ɓantaren zai kafu.

Abban Khalifa: Na gode Hajiya, Allah ya saka. Litinin zamu je insha Allah, in na samu awon zan turo nan. Na ce wa dillalin ya dakata tukuna.