Wai bas mai lantarki irin ta Dakar za ta yiwu a hanyar Nyanya kuwa?

Ɗan Mararaba

Salam jama'a, tambaya gare ni ga masu sani. Jiya da yamma ƙanina da ke karatu a Senegal ya turo min bidiyo ta WhatsApp yana cikin wata doguwar bas mai gaɓa a tsakiya, ba ƙara ba hayaƙi, wai da batir take tafiya, kuma tana ta wuce motoci fiu suna tsaye cak a gefe. Wallahi lokacin da nake kallon bidiyon ina cikin tasi a gangaren Kugbo mun fi minti 40 ba mu kai gadar Karu ba, mu huɗu a baya biyu a gaba, gwiwar hannun wani bawan Allah a haƙarƙarina, ga mai sayar da fiya wata ya wuce mu ya dawo ya sake wuce mu. Sai na ji raina ya ɓaci. Toh shin irin wannan abu zai yiwu a nan Abuja, ko kuwa mafarki ne tunda wutar da za mu yi cajin waya ma sai an yi da gaske?

Injiniya Kubwa

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ƙaninka ya hau shi ake kira BRT, wato bas mai sauri da ke bin layinta na musamman, na Dakar ɗin Macky Sall ne ya ƙaddamar a Janairun 2024, aka fara ɗaukar fasinja a watan Mayu na shekarar. Tsawonsa kilomita 18 da ɗoriya, tashoshi 23, daga Petersen a tsakiyar birni zuwa Guédiawaye, da bas 121 aka fara, ƙirar kamfanin CRRC na Caina, kowacce na ɗaukar mutum kamar 150, Bankin Duniya na cikin waɗanda suka zuba kuɗi. Tafiyar da a da take cin awa ɗaya da rabi an tsara ta koma minti 45.

Amma ka lura fa, ba batirin ne ya rage lokacin ba. Ka ɗauko wannan bas ɗin ka ajiye ta a mahaɗar AYA a nan Abuja ƙarfe biyar na yamma, wallahi tare za ku kwana a goslo, sai dai ita ba ta hayaƙi. Sirrin shi ne layinta daban ne, an katange shi a tsakiyar titi ba mai shiga, tashar ma a tsakiya take, ka biya kafin ka shiga, daɓen tasha daidai da ƙofar bas saboda haka ba hawa ba sauka ba cinikin canji da kwandasta, ƙofofi su buɗe mutane su zuba a wuce. Curitiba ta Brazil da ta fara wannan tsari tun 1974 ai da dizal ta yi, haka na Legas da aka buɗe a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS.

Maganar wuta kuma, ba a taransifomar unguwa ake cajinsu ba, gareji ne na musamman da layinsa, yawanci da dare a cika batir da safe su fita. Wannan kuɗi ke maganinsa, a haɗa da sola. Abin da kuɗi ba ya saya shi ne a hana mutane hawa layin.

Maman Ummi

Hmm Injiniya ka yi bayani, amma ni dai abin da na sha gani ne ya sa ba na ɗoki. Mu da muka daɗe a garin nan mun ga zuwan bas-bas ɗin da ake ce wa El-Rufai, mun ga lokacin da aka hana acaɓa shiga gari a 2006, aka zo aka kori araba, wato ƙananan bas na haya, a 2013 aka ce manyan bas za su maye gurbi, yau ina suke, nawa ne ke kan titi? Sayen sabon abu ba ya mana wuya, riƙo ne matsalar, ballantana abin da batirinsa kaɗai ya lalace ba bakaniken Apo da zai taɓa shi. Jirgin ƙasa na cikin gari ma an buɗe 2018 korona ta zo ya tsaya sai 2024 aka farfaɗo da shi, yana da kyau ba laifi, amma daga Lugbe kafin in kai tasha na riga na kashe kuɗin da zai kai ni Wuse.

Duk da haka in za a yi ni ce ta farko a layi, saboda 'yan wan cans, ɓarayin nan masu fakewa da motar haya su yi wa fasinja fashi. Duk macen da ke tashi aiki bayan magariba ta san yadda ake tsayawa a Area 1 ko Berger kana leƙa fuskar mutanen cikin mota ɗaya bayan ɗaya kana karanta duk addu'ar da ka iya kafin ka sa ƙafa. Bas mai tasha sananniya da haske da kyamara ko da ta fi tsada kaɗan na yarda.

Baba Direba

Ɗana mai tambaya, ni shekara 19 ina jan mota a hanyar nan, bari in faɗa maka abin da Injiniya ya taɓo bai ƙarasa ba. Wa zai tsare layin? Ranar farko mai jiniya zai faɗa ciki, bayansa mai baƙin gilashi, bayansa mu, don ba zan ɓoye maka ba in na ga hanya a buɗe ga fasinja na zagina shiga zan yi. In fenti kawai za a shafa a ƙasa an yi asarar fenti, sai dai kankare mai tsayi.

Na biyu, Abuja a Nyanya ta ƙare, Mararaba da Masaka Nasarawa ce, kuma fasinjojin a can suke kwana. In bas ta tsaya a iyaka an yi ba a yi ba, dole gwamnati biyu su zauna. Sannan mu fa? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 rabin abin da na samu gidan mai yake komawa, ni ma na gaji da fetur ɗin, amma kar a wayi gari a ce mu bar hanya kamar yadda aka yi wa masu araba ba tare da an ce ga inda za mu ci abinci ba.

Injiniya Kubwa

Baba gaskiyarka, shi ya sa ake haɗa babban layi da ƙananan hanyoyi, ku kwaso mutane daga cikin Karu da Jikwoyi da Ado ku kawo tasha, gajeren zango ba goslo mai ma ya fi auki. Kuma fili muna da shi fiye da Dakar, dubi faɗin titin Kubwa da na filin jirgi, ga tashoshin Mabushi da Kugbo an riga an gina. Hajiya kuma maganar gyara, a Dakar kamfani aka ba wa kwangilar gudanarwa ta shekara 15, shi ya sayi bas ɗin, in ta lalace aljihunsa ne ke kuka.

Ɗan Mararaba

Na gode ƙwarai. Na tambayi yaron kuɗin mota ya ce sefa 400 ne, in ka tsallaka shiyya 500. Baba in ka wuto ta Sharp Corner gobe bayan asuba ka rage min kujerar gaba, amma ni kaɗai don Allah, zan biya na mutum biyu.