Musayar Waƙa: Tsakanin Rojas da Shugabannin Packers

Ɗan Gwauron Dutse:
Salamu alaikum 'yan zaure. Batun makon nan daga ƙwallon Amurka ne, mai kama da zari-ruga: saɓanin Aaron Rodgers, tsohon mai jefa ƙwallo na Green Bay Packers, da shugabannin kulob ɗinsa daga 2020 zuwa 2023. Ƙwar huɗu za mu yi, babban amsa-amo "wa". A cikin waƙa Rojas zan kira shi. Rigimar ta faro ne a 2020, daren da kulob-kulob ke zaɓar 'yan wasan jami'a bi da bi, zagaye-zagaye: Packers suka ɗauko sabon mai jefa ƙwallo, Jordan Love, alhali ana jiran wanda zai taya Davante Adams cafke jifa.

Da sunan Rabbu nake farawa,
Batun Rojas nake kawowa,
Shekara 15 yana bautawa,
Aka ɗauko magajinsa ba sanarwa.

Daren zaɓar 'yan wasan jami'a,
Suna na 30 cikin jama'a,
Suka hau na 26 cikin sa'a,
Jordan Love suka je ɗaukowa.

Gari na jiran mai cafke jifa,
Ya kama wa Adams, ya ba shi ƙafa,
Aka kawo wanda zai zauna ya lafa,
Kujerar Rojas yake hangowa.

Mai Lissafi:

Ƙanena share hawaye ka zauna,
Ka ɗauko alƙalami mu auna,
Shekarunsa 36 a wannan rana,
Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi ma ta wannan ƙofa ya shiga,
2005, Favre na fagen daga,
Ted Thompson ya miƙa masa riga,
Shekara 3 a benci yana koyowa.

Brett Favre shi ne mai jefa ƙwallon Packers kafin Rodgers, Ted Thompson kuma manajan lokacin. Hawan da suka yi daga na 30 zuwa na 26 ba kyauta ba ne, zaɓinsu na zagaye na huɗu suka ba kulob ɗin Miami. Ga ribar: yaron da aka ɗauka a zagayen farko yana sa hannu na shekara 4 a farashi mai sauƙi, kulob kuma yana da zaɓin riƙe shi shekara ta 5. Wannan manaja Brian Gutekunst ya saya.

Hajiya 'Yar Birni:

Yaya, ka iya ƙirga shekaru,
Ka kasa ƙirga abin da ya faru,
Jifa 48 a gida suka taru,
5 kacal abokan gaba ke tarewa.

Gwarzon shekara aka ba shi kambu,
Na 3 ke nan, tantama babu,
Kambun da shi ya ƙi ya rabu,
2021 ma shi ke lashewa.

Ran Tampa saura yadi 8,
Aka ƙwace ƙwallo hannun Rojas,
Brady ya cinye agogo tas,
Maki 3 me suke tsinanawa?

Ga wanda bai kalla ba: jifa 48 ɗin na cin maki ne a kakar 2020. Wasan kuwa da kulob ɗin Tampa Bay ne, na mai jefa ƙwallo Tom Brady, Janairun 2021 a Lambeau, filin Packers, wasan da zai kai su Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi. Tampa na gaba 31 da 23, saura minti 2 da 'yan daƙiƙu. Kocin Packers Matt LaFleur ya zaɓi bugun maki 3 a dama ta huɗu, wadda ita ce ta ƙarshe, maimakon a bar Rodgers ya sake jifa. Aka tashi 31 da 26, ƙwallo ba ta sake komawa hannun Rodgers ba.

Ɗan Tasha:
Hajiya ikon Allah! Takwas, Rojas, tas. Allah ya ƙara basira. Mai Lissafi, tattara takardunka.

Malam Aruli:
Kafin a raba kambu a duba awo. Mai Lissafi ya rufe baitinsa na farko da "tafiya", alhali "wa" aka ɗaura. Mai buɗe zaure kuma ɗangonsa na farko gaɓa 10 ne, amma "Suka hau na ashirin da shida cikin sa'a" gaɓa 14. Lamba tana ɓoye gaɓoɓi a ido, kunne kuwa ba a yi masa wayo.

Ku rera kafin ku rubuta,
Kunne ne alƙali, shi zai tanta,
Ɗangon da ya yi tsawo a rage ta,
Gurgun baiti ba ya tashi tsayawa.

Mai Lissafi:
Allah gafarta Malam, karin magana ba a yi mata kaciya don ƙafiya. Kuma ɗango namiji ne, "a rage shi" ake cewa; kai ma amsa-amo ya ja ka. Na dawo gare ki, Hajiya.

Yadi 8 ɗin da kika ambata,
Dama 3 aka ba shi ya ɓata,
Duk jifan da ya yi ƙasa ya kwanta,
Kafin koci ya kira mai bugawa.

Brady sau 3 aka tare masa,
'Yan baya suka ba gwaninki kansa,
Maki 6 kaɗai ya iya haɗa musu,
Wannan ma Gutekunst ke jawowa?

Ɗan Tasha:

Gutekunst, Gutekunst, mai taurin kai,
Ka ƙi kiran waya, ka ƙi jin kai,
Mai Lissafi ɗan korenka ne kai,
Masa, kansa, musu, ina haɗuwa?

Malam Aruli:
Ɗan Tasha ya yi daidai a kan "musu", ta fita daga layi. Amma shi ya jera "kai" sau uku, na ukun ma bai zauna ba, wa ake nufi? Sannan gaɓar Hausa ba ta rufewa da baƙi uku. "Nst" ba ta reruwa. Sai dai Gu-ta-kuns-ti, ko mafi kyau Gu-ta-kun-si, gaɓa 4. Ka maimaita shi sau biyu, ka cinye gaɓa 8 ba ka ce komai ba.

Ɗan Tasha:
Malam, sunan mutum ne, ba ni na raɗa masa ba.

Malam Aruli:
Rodgers ma ba Rojas aka raɗa masa ba.

Hajiya 'Yar Birni:

Malam ya zo da mudu da tiya,
Yana awon gaɓa tun safiya,
Bai ce uffan a kan rigimar ba, kunya,
Mai awo, hatsinka muke nemowa.

Baba Na Zaure:
Yara, kwana biyu ban leƙo ba, na tarar kun bar jaki kuna dukan taiki. Amsata ga ɗana mai buɗe zaure ce. Ranar 29 ga Afrilun 2021 labari ya fito cewa Rodgers ba ya son komawa. Ya ƙaurace wa atisayen dole na watan Yuni. Da ya dawo ƙarshen Yuli ya zauna gaban 'yan jarida, kuma abin da ya fi tsayawa a kai shi ne yadda ake sallamar manyan 'yan wasa da yadda ba a neman shawararsa.

Bai ce Love ne ya tsone masa ido ba,
Bai ce albashi ne bai ishe shi ba,
Cewa ya yi ba a tambaye shi ba,
Ranar da ake ɗauka da sallamawa.

Ya kira Woodson, ya kira Nelson,
Peppers da Matthews, mazan da ake so,
Cobb da Kuhn, duk an nuna musu ƙofa,
Wasu ko tayi ba a yi musu ba, sai ficewa.

Wanda ya san hannun kowane yaro,
Wa ke juyawa daidai, wa ke tsoro,
Wa zai cafke ko an yi masa taro,
Shi ne aka bari a waje yana jiyowa.

Baiti na biyu ya ɗingisa, Malam ya yi haƙuri, sunayen ne ba sa lanƙwasuwa. Abin da aka yi a sulhun: an dawo masa da Randall Cobb daga Houston a kan zaɓin zagaye na shida, an kuma cire shekarar 2023 daga kwantiraginsa.

Ɗan Gwauron Dutse:
Baba ya gama magana. Allah ya ja kwana.

Mai Lissafi:
Baba, da girmanka, akwai saura. Kowane kulob yana da iyakar abin da zai kashe a albashi. Saboda korona iyakar ta sauko daga dala miliyan 198.2 a 2020 zuwa 182.5 a 2021. Kafin alƙalamin da ake ba ɗan wasa a dunƙule yake karɓa, amma a littafi ana raba shi kan shekarun kwantiragi, har zuwa 5. Ranar da aka sayar da shi, ragowar ta faɗo wa kulob a ka. Shi ya sa a 2023 Packers suka ɗauki sama da miliyan 40 a kan mutumin da ke sanye da rigar New York Jets, kulob ɗin da ya saye shi.

Maris 2022 ya sa hannu,
Miliyan 150, ku ji ku sanu,
Shekara 3, ya kwashe nonon shanu,
Adams ya kama hanyar ficewa.

Hajiya 'Yar Birni:

Yaya, kar ka haɗa abin da bai haɗu ba,
Adams ba yunwa ce ta kore shi ba,
Derek Carr ya bi, ba ka sani ba?
Tun Fresno suke jifa da cafkewa.

Carr shi ne mai jefa ƙwallon kulob ɗin da Adams ya koma, tun jami'ar Fresno suke tare.

Malam Aruli:
Hajiya ta nemi hatsi, ga shi, a auna.

Janairu San Faransisko ta zo,
Dusar ƙanƙara ta rufe tozo,
Bugu biyu aka tare, ba ƙwazo,
Goma sha uku da goma aka tashi, ba cewa.

Wasan Janairun 2022 ke nan, San Faransisko ta ci Packers. An tare bugun maki 3 kafin hutu, an tare bugun kora a zangon ƙarshe aka ruga da ƙwallon gida. Wannan laifin sashen bugu ne, kuma manaja da koci ke haɗa shi. Amma maki 10 a gida, bayan cin wasa 13 a kakar, mai jifa ma yana da kaso.

Ɗan Tasha:
Malam, ƙirga ɗangonka na ƙarshe da kanka. Ni na samu 15.

Mai Lissafi:

Afrilun 2023 aka rabu,
Hanyar Favre ya bi, canji babu,
Wasan farko agararsa ta taɓu,
Taka na 4, kaka ta ƙare da farawa.

A cinikin sayar da shi ga Jets, inda Favre ma ya koma a zamaninsa, an yi sharaɗi: zaɓin zagaye na biyu na 2024 zai koma na farko in ya buga kashi 65 cikin 100 na wasan Jets. Raunin 11 ga Satumba ya kashe sharaɗin, Packers ma sun yi asara. Love kuwa ya kai su Dallas ya ci 48 da 32.

Hajiya 'Yar Birni:

Rauni na Allah ne, ba hujja ba,
Love ya yi kyau, ban musa maka ba,
Shekara 3 gefen wa ya koya, ba ka ce ba,
Kiran waya ɗaya me yake ragewa?

Malam Aruli:
Ɗan Tasha, ban yarda da 15 ba. "Sha uku" a rerawa gaɓa 2 ce, wasalin yana haɗewa. Sake ƙirgawa, wannan karon da baki.