Me ya sa ake rabawa da n−1 maimakon n?

Ɗalibin_Yelwa:
Assalamu alaikum. Ina aji ɗaya a jami'ar ATBU Bauchi, muna darasin ƙididdiga. An ba mu buhunan masarar da manoma biyar suka samu: 4, 7, 8, 9, 12, aka ce mu nemo ma'aunin warwatsuwa, wato standad dibiyeshan. Kalkuleta tana ba da amsa biyu, 2.61 da 2.92. Wacce ce daidai? Kuma ina ɗayan da ake cirewa daga n, wato yawan lambobin, yake tafiya?

Malam_Alƙaluma:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Duka biyun daidai ne, tambayar da kowacce ke amsawa ce ta bambanta.

Jimillar lambobin 40, matsakaici 8. Tazarar kowace lamba daga 8 ita ce −4, −1, 0, 1, 4. Ka ninka kowace da kanta: 16, 1, 0, 1, 16, jimilla 34. In ka raba 34 da 5 za ka samu 6.8, sukwaya rut ɗinsa 2.61, wannan ce σ. In ka raba da 4 za ka samu 8.5, rut ɗinsa 2.92, ita ce s.

Idan manoman nan biyar su ne kaf waɗanda ake magana a kansu, σ za ka ɗauka. Idan kuwa tsamo su aka yi daga manoman wata ƙaramar hukuma, a ce Dass, don a yi hasashen halin da sauran ke ciki, to samfuri ne, s ake so.

Dalilin cire ɗaya shi ne wannan 8 ɗin daga jikin lambobin biyar ka ciro shi, don haka ya fi kowace lamba kusa da su. Gwada ka gani: a ce ainihin matsakaicin manoman Dass duka 9 ne. Auna tazara daga 9, za ka samu 25, 4, 1, 0, 9, jimilla 39. Auna daga 7, nan ma 39. Duk lambar da ka sa in ba 8 ba, jimillar sai ta haura 34. Ke nan samfuri yana nuna warwatsuwa ƙasa da yadda take a zahiri, rabawa da 4 maimakon 5 ke cike giɓin. Kuma ba da ka aka zaɓi ɗaya ba. Tazarorin nan dole jimillarsu ta zama sifiri, in ka san huɗu, ta biyar ba ta da zaɓi. Huɗu ne kawai ke ɗauke da sabon labari.

Anti_Tudunwada:
Malam ya gama magana a kan dalili, bari in ƙara na maɓallai, don nan ne maki ke zubewa a jarrabawa. A Casio fx-991ES PLUS: danna MODE, 3, 1. Shigar da kowace lamba ka danna =. In ka gama, AC, sannan SHIFT, 1, 4. Lamba 3 ita ce σx, lamba 4 ita ce sx. Kafin ka kwafi amsa, fara duba lamba 1, wato n. In ba 5 ta nuna ba, akwai lambar da ta shiga sau biyu ko wadda ka tsallake.

Idan tebur ne mai yawan maimaituwa, sai ka kunna layin FREQ tun farko: SHIFT, MODE, kibiyar ƙasa, 4, 1. Kunna shi bayan ka shigar da lambobi yana share su, sai ka koma farko. Masu fx-82MS kuma su riƙa share tsofaffin lambobi kafin sabuwar tambaya, kashe kalkuleta ba ya goge su. A Excel, STDEV.P ita ce σ, STDEV.S ita ce s.

Ɗalibin_Yelwa:
Na gode Malam, na gode Anti. To idan tambayar ba ta fayyace samfuri ne ko a'a ba fa?

Malam_Alƙaluma:
Duba lafazinta. In an ce "an zaɓo", "an tsamo" ko "a kimanta", samfuri ne. In shiru ta yi, rubuta a layin farko cewa ka ɗauke su a matsayin samfuri, ka yi aiki da n−1, mai makin zai ga hujjarka. Amma in malaminku yana da tsarin da yake bi a aji, nasa za ka bi.

Bambancin yana da girma ne kawai in lambobin kaɗan ne. A n = 5, s ta fi σ da kusan kashi 12 cikin ɗari, a n = 100 kuwa rabin kashi ɗaya ne kacal.

Injiniya_Pantami:
Ga wata gajeriyar hanya in da hannu za ka yi. Σx², wato ka ninka kowace lamba da kanta sannan ka tara: 16 + 49 + 64 + 81 + 144 = 354. (Σx)², wato jimillar 40 a ninka da kanta, a raba da n = 1600 ÷ 5 = 320. Cire, ka samu 34 ɗin nan ta Malam. Amfaninta yana fitowa ne in matsakaicin bai fito cif ba, kamar 8.333, domin wanda ya datse shi zuwa 8.3 tun a tsakiya, kuskuren zai bi shi har amsa. A kula, Σx² daban, (Σx)² daban, 354 da 1600 ba ɗaya ba ne. In abin da ya rage bayan cirewar ya fito ƙasa da sifiri, to lissafin ya karkace a wani wuri, ba ya taɓa fitowa haka.

Wannan n−1 za ka sake haɗuwa da ita a teburin t, wanda ake dubawa in za a yi hasashen matsakaicin kowa da kowa daga ƙaramin samfuri. Da lambobi biyar, layi na 4 za ka duba, a kashi 95 cikin ɗari zai ba ka 2.776, ba 1.96 ta teburin z da ake dubawa in samfurin babba ne ba.