Tsidau ya cinye min filin ƙofar gida

Mai tambaya, daga Ringim:
Assalamu alaikum. Na dasa kiri-kiri a ƙofar gida don yara su samu wurin wasa, amma tun saukar damina tsidau ya shimfiɗe a ciki. Ƙayarsa ta hana yara tafiya ba takalmi, tayar keke kuwa kullum tana wurin mai faci. Na sare shi da fartanya, ya sake tohowa. Mene ne mafita?

Manomi daga Ɗambatta:
Wa'alaikumus salam, Malam. Sara daga sama ba ya kashe shi. Saiwa ɗaya gare shi, doguwa, a tsakiya. Bari a yi ruwa ƙasa ta yi laushi, ka tattaro rassan a hannu, ka tumɓuke shi gaba ɗaya. Yi hakan da zarar ka ga furen nan rawaya, kafin ya yi ƙaya, domin ƙayar ce irinsa, kuma tana shekaru a ƙasa ba ta mutu ba. Wanda ka cire, ƙona shi. Kar ka zuba a juji, taki zai mayar maka da shi gona.

Wata uwa daga Gumel:
Mu tsohon buhun algarara muke ja a filin, ƙayar ta maƙale a jiki. Sai a ƙone buhun.

Mai shagon maganin feshi, Wudil:
Alhaji, maganin feshi 2,4-D na kashe ciyawa mai faɗin ganye irin su tsidau ya bar kiri-kiri. Glyphosate kuwa duka zai ƙone. Kar a fesa ana iska, musamman in akwai wake ko kuɓewa kusa, kuma a ɗaure awaki.

Mai tambaya:
Na gode. Akwai kuɓewar uwargida a gefe, don haka tumɓukewar zan fara.