An sa yara sun yi wa ɗiyata dariya a aji saboda kaza

Inusa Mai Kaji: Salamu alaikum jama'a. Tun la'asar raina a ɓace yake, Rahinatu ta dawo makaranta tana kuka wai ta ce a aji kaza dangin dainoso ce, malamin ya ce dainoso ƙaton ƙadangare ne kawai ya mutu ya ƙare, ya bar yara suna ta yi mata dariya har aka tashi. Ni kullum a unguwar Aboabo nan Kumasi fige kaji nake, ku ɗauki ƙafar kaza ku duba da kyau, yatsu uku gaba ɗaya baya, ga ɓawo ga farce, kuma a miƙe take ƙarƙashin jiki, ƙadangare kuwa ƙafafunsa a baje suke gefe yana jan ciki. To ko kuskure yarinya ta yi haka ake gyara wa yaro?

Hajiya Memuna: Ayya a ba ta haƙuri. Amma Inusa dangi kuma, kazar da muke ci?

Abdul Razak: Baba Inusa yarinyar ta fi malamin gaskiya, sai dai kalmar dangi ce ba ta zauna ba, zuriya ce. Kada shi ne dangi. Gida ɗaya ne tun can ya rabu ɗaki biyu, ɗakin su kada da ɗakin su dainoso, na farkon nan irin su Eoraptor da Herrerasaurus da aka haƙo a Ajantina sun kai shekara miliyan 230, Eoraptor ɗin ma tsawonsa kamar mita 1 ne da ƙafa biyu yake gudu, to a cikin masu ƙafa biyun nan masu cin nama tsuntsu ya fito daga baya.

Malam Sule: Razak wa ya koya maka Hausa? Jikanka ba danginka ba ne?

Abdul Razak: Malam da girmanka, ranar rabon gado ai ana gane bambancin ɗa da ɗan baffa.

Malam Sule: Kar ka kawo min gado nan, kafin a haife ka nake zama wajen rabon gado a Asawase. Dangi kowa ya shiga, zuriya ma dangi ce. Don kana jami'ar Tek ba shi ne za ka gyara mana harshe ba.

Fuseini Direba: Ni dai na sha kai baƙi tafkin kadoji na Paga a arewacin Gana, da idona na ga an riƙe kaza da rai tana kuka kada ya fito daga ruwa, aka jefa masa ya haɗiye. In dangi ne haka ake zumunci?

Hajiya Memuna: Shaho ma tsuntsu ne Fuseini kuma shi ya ƙarar min da ƴan tsaki bara.

Hamidu Zabarma: Duk kuna magana ba wanda ya taɓa ganin ƙashin. Ku zo Nijar. A Gadufawa cikin Tenere aka haƙo Nigersaurus mai haƙora sama da 500, sunan ƙasarmu ne a kansa, nan kuma aka samu Sarcosuchus, wani kada wanda ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. Ku je gidan tarihi na Yamai ku gani. Ku a Gana me aka haƙo?

Abdul Razak: Gaskiya ne Hamidu amma naku wajen shekara miliyan 110 ne, yara ne a kan waɗanda nake faɗa. Tsofaffin Afirka suna Tanzaniya da Zimbabuwe. Na Tanzaniya Asilisaurus, asili da Suwahili shi ne asali namu, shi ma bai cika dainoso ba ɗan uwa ne na kusa sosai. Na Zimbabuwe Mbiresaurus a 2022 aka sa masa suna.

Hamidu Zabarma: Yara? Wa kake ce wa yara? Kullum haka kuke raina mu a zauren nan, in albasa ta yi tsada a kasuwa kuma ku ne masu kiran waya.

Fuseini Direba: Albasar da kuka ƙara wa kuɗi satin nan?

Malam Sule: Kun ji da bakinsa ya ce ɗan uwa. Ɗan uwa ba dangi ba ne?

Ustaz Awudu: Ni duk maganar ce ban yarda da ita ba, Allah ya halicci kaza kaza, ya halicci kada kada. Miliyan 230 wa ya ƙirga?

Abdul Razak: Ustaz ba wanda ya ce wani ne ya yi halitta in ba Allah ba, toka ce ta dutse mai aman wuta da ke tare da ƙasusuwan ake aunawa. Kuma a 1861 an samu Archaeopteryx a Jamus, ga gashin tsuntsu a jiki ga haƙora a baki ga doguwar jela mai ƙashi.

Inusa Mai Kaji: Jama'a ni maganar malamin na kawo. In kun ci kaza ku duba ƙashin nan na ƙirji mai kama da gwafar danƙo, Rahinatu ta nuna min hotonsa a jikin dainoso, iri ɗaya. In je makarantar ko kar in je?

Hamidu Zabarma: Sai ya janye kalmar yara tukuna.

Malam Sule: To dare ya yi, a matsayina na mai kula da zaure bari in tattara. An tabbatar dangi ita ce kalmar da ta dace kamar yadda na faɗa tun farko, Razak da kansa ya amsa da ya ce ɗan uwa. Yaranmu na jami'a su riƙa girmama Hausar iyayensu. Hamidu a yi haƙuri. Maganar albasa a kai ta wani zauren.

Abdul Razak: Ban amsa ba Malam, Asilisaurus na ce wa ɗan uwa ba kaza ba.

Inusa Mai Kaji: Ƙarfe 7 ina bakin makarantar, zan tafi da ƙafar kaza a leda. Razak turo min sunan na Jamus ɗin nan in rubuta a takarda.