'Yan wasanmu mata suna janyewa, ya zan shawo kan iyaye?

Assalamu alaikum. Ni mace ce, ina jagorantar ƙungiyar wasan daɓe a Zariya. Muna shirya wasa kan haihuwa a gida, amma 'yan matan da ke ɗauke da manyan rawa sun janye. Iyayensu sun ce mai hawa dandamali ba ta samun miji.

Na dawo da gwaji daga dare zuwa bayan la'asar, na je gidajensu da kaina, na ba iyayen labarin wasan. Wata uwa ta amince, uban ya hana. Na sa namiji ya fito a ungozoma, 'yan kallo suka ɓarke da dariya, saƙon ya lalace. Raina ya ɓaci matuƙa.

Don Allah, 'yan uwa masu wannan sana'a, wace hanya kuka bi iyaye maza suka yarda?