Tecno, Redmi, Samsung ko iPhone ta hannu: me ake dubawa kafin a biya kuɗi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu sayar da waya da masu gyara. Mutum ne ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre ko Beirut Road a Kano, aka jera masa Tecno, Infinix, Redmi da Samsung a farashi kusan ɗaya, ga kuma iPhone ta hannu a gefe. Kowane mai shago tasa yake yabo. Me zai duba ya raba gardama?

Mai gyaran waya: Wa alaikumus salam. Malam, fara rage wa kanka aiki. Tecno, Infinix da itel 'ya'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na Shenzhen, kuma Carlcare ke yi musu gyaran garanti. Sau da yawa za ka tarar Spark da Hot masu kuɗi ɗaya injinsu ɗaya ne, jiki da ado ne kawai suka bambanta. Juya kwalin ka nemi sunan furosesa, wato injin wayar, nan ne kuɗinka yake. Helio G36 na kira ne da WhatsApp, da ka haɗa masa TikTok da manhajar banki zai fara nauyi. Helio G85 da Unisoc T606 matsakaita ne. Helio G99 ya fi su nesa, don ƙirar nanomita 6 ce, su kuwa 12, shi ya sa bai cika zafi da shan batir ba. Kuma yana tafiya da ma'ajiya irin UFS 2.2, alhali G85 a eMMC ya tsaya. Wannan eMMC ɗin ce ke sa wata wayar ta riƙa sanƙarewa bayan shekara guda idan hotuna sun cika ta.

Mai shago a Beirut: Gaskiya ne Injiniya. Na ƙara da maganar RAM, wato wurin da waya ke riƙe manhajojin da ke aiki, don nan aka fi cin mutane. In ka ga an rubuta 16GB da manyan baƙaƙe, duba ƙasa, za ka ga 8+8. Takwas ɗin farko ne na gaske. Na biyun aro aka yi daga ma'ajiyar wayar, kuma bai ko kusa da saurin na asali ba. Samsung na kiran abin RAM Plus, Tecno na cewa Memory Fusion. Da lambar farko ake kwatanta waya da waya. 4GB shi ne mafi ƙaranci yanzu, 6 ko 8 ya fi kwanciyar hankali. Ma'ajiya kuma kada ta gaza 128GB, don 64 ɗin manhajar wayar kanta ta riga ta cinye wani kaso tun tana kwali.

Mai ɗaukar hoton biki: Lambar kyamara ma haka take. Mai 108MP tana haɗe ɗigo tara su zama ɗaya, hoton da za ta ba ka na 12MP ne. Mai 50MP kuma tana haɗe huɗu. A hasken rana kowace waya gwana ce. Ka shiga can cikin shagon inda haske ya yi ƙasa, ka sa yaron shago ya motsa hannu ka ɗauka, sannan ka yi bidiyon daƙiƙa goma kana tafiya. Idan hannun ya fito kamar hayaƙi, bidiyon yana rawa, to ka san abin da za ka samu a wajen kamu da dare. Idon kyamara uku a baya kuwa, sau da yawa ɗaya ne ke aiki sosai, sauran 2MP ne na cika ido.

Malamar kwamfuta: Ni Samsung zan ce, saboda sabunta manhaja. Galaxy A15 an yi mata alƙawarin sabon Android sau huɗu da gyaran tsaro na shekara biyar, A16 kuma shekara shida. Ƙananan wayoyi da yawa sau ɗaya suke samu, wasu ma ko ɗayan. Wanda ke riƙe waya shekara huɗu kuma kuɗinsa na cikin manhajar banki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a sa kuɗin kan caja a lissafi, domin igiya kawai ke zuwa a kwalin, kuma ta wat 25 ake buƙata.

Mai gyaran waya: Hajiya, ban musa ba, amma sai in sikirin ɗin ya kai shekara shidan. A15 da A16 da Redmi Note 13 duk sikirinsu AMOLED ne. Yana da kyau a ido, ana gani ko a tsakar rana, amma ranar da ya fashe kuɗinsa ya ninka na LCD. Masu neman sauƙi sai su ce a sa musu kwafi. Kwafin ana gane shi: baƙin gefen ƙasa ya fi kauri, launi ya koɗe, batir na saurin sauka, kuma in wayar mai karanta yatsa a ƙarƙashin sikirin ce kamar Note 13, in aka sa mata LCD wannan aikin ya mutu ke nan. Saboda haka kafin ka biya, taka zuwa layin masu gyara ka tambayi kuɗin sikirin da batirin samfurin da kake so. Ɗan acaɓa ko mai aikin gini da waya ke yawan faɗo masa, Tecno ko Infinix mai LCD ta fi masa rufin asiri, kayanta har a ƙananan garuruwa ana samu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To batir fa, ga halin wutar NEPA?

Mai cajin waya: Kusan dukkansu 5,000mAh ne yanzu, a caja suka bambanta. Mai wat 10 na iya kaiwa awa uku kafin ta cika, mai wat 33 awa ɗaya da 'yan mintoci. In an kawo wuta na awa guda an ɗauke, ka ga bambancin. Abin da ke kashe batir a nan zafi ne. Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPhone a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Waya a caji, a ƙarƙashin filo, ana kallon bidiyo, ba da daɗewa ba za ka ga murfin baya ya fara ɗagowa daga gefe kamar burodi ya tashi. Batir ya kumbura ke nan, a daina caji a kai gyara.

Dillalin waya a Banex, Abuja: Bari in taɓa ta hannun, wadda ake cewa Landan yus. iPhone mai kyau ta hannu ta fi sabbi da yawa a bidiyo, amma sai an duba abu huɗu a gaban mai ita. A goge ta gaba ɗaya a kunna daga farko, in ta nemi iCloud na wani, ajiye ta. Shiga Battery Health, ƙasa da kashi 80 batirin ya gaji. In kuma tsohuwar waya ce ta nuna 100 cif, tambayi dalili. A About za ka ga ko an canja sikirin ko batir, kuma lambar samfuri in ta fara da M an sayar da ita sabuwa, F kamfani ya gyara ta, N canji aka bayar. Sai ka sa layinka ka kira, ka kunna data, don wasu a kulle suke da kamfanin sadarwa na waje. A lura, daga iPhone 14 zuwa sama, na Amurka ba su da ramin sim, eSIM kaɗai, wato layin da ake ɗorawa a waya ba tare da kati ba. MTN da Airtel na bayarwa, amma wanda ke yawan musanya layi zai sha wuya. Ƙasa da iPhone 11 kuma ban ba da shawara ba, iOS 26 ta bar XR da XS a baya.

Mai shago a Beirut: Sabuwar ma a duba ta kafin a bar shagon. Danna *#06#, IMEI ɗin da ya fito, wato lambar shaidar wayar, ya yi daidai da na jikin kwali, kuma mai shago ya rubuta shi a rasit ya buga hatimi. Ba rasit, ba garanti, kuma ranar da aka ce wayar ta sata ce wannan takardar ce shaidarka. A Samsung danna *#0*#, za ta ba ka gwajin launi, taɓi da lasifika. A farin shafi ake ganin inuwar madannai ko koren layi a sikirin. Redmi kuma tabbatar Play Store na ciki tun daga kamfani, don wadda aka ƙera wa kasuwar cikin Sin ba ta zuwa da shi. Tambayi kuma ko wayar ta bashi ce da ake biya kaɗan-kaɗan, irin su in wanda ya fara ɗauka ya daina biya sai a kulle ta daga nesa, a hannun wanda ya saya.

Mai tambaya: 5G fa, ya cancanci ƙarin kuɗin?

Malamar kwamfuta: MTN ya fara shi a 2022, Airtel a 2023, amma har yanzu a wasu unguwannin manyan birane yake. Ka ari waya mai 5G ka gwada a ɗakinka da wurin aikinka. In alamar ba ta fito ba, zuba kuɗin a ma'ajiya mai 256GB.